Tallafin horar da 'yan jarida ya fito: otal za mu sake kamawa?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma 'yan zauren ƙungiyarmu ta 'yan jarida a nan Jos. Wata sanarwa ce ta shigo hannuna da rana. Wata gidauniya ta ƙasar waje, ta hannun abokan aikinta na Abuja, tana karɓar takardun neman tallafi daga ƙungiyoyin 'yan jarida, don a horar da ma'aikata yadda ake tantance labari da yadda ake tarar labaran ƙarya. Sati uku ya rage a rufe. Suna son rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram na hukumar EFCC, da asusun banki mai sunan ƙungiya, da rahoton odita. Ukun farko muna da su. Tambayata biyu ce: mu nema? In mun nema, me za mu ce za mu yi da kuɗin? Don Allah kowa ya tofa, ban da masu karantawa su yi shiru.

Ɗan Gangare: A nema mana Hajiya, wa ke ƙin banza. Kwana uku a otal a Rayfield, shayi da cincin ƙarfe goma, shinkafa da cinyar kaza ƙarfe biyu, jaka mai tambari, hoto a gaban kyalle, kuɗin mota a ambulan. Satifiket shida gare ni na irin wannan bita. Uwargida ta jera su a bayan talabijin.

Mai Kyamara: Shida kacal? Ashe kai ƙaramin alhaki ne.

'Yar Bukuru: Ni ko ɗaya ban taɓa samu ba. Ina ake rabon gayyatar ne?

Ɗan Gangare: Ƙanwata, ba a rabawa, gado ake yi.

Baba Edita: Wa alaikumus salam. Maman Ihsan, sannu da ƙoƙari. Bari in faɗi nawa tun kafin yaran nan su mai da maganar wasa. Na fara aikin nan ana buga labari da tafireta, na kuma zauna bita fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da ban taɓa ji an tattauna a cikinsu ba shi ne cikin ɗan jarida. Akwai gidan da na yi wa aiki aka riƙe mana albashi wata bakwai, mai gidan ya ce ai katin shaidar da ya ba mu ya ishe mu ci abinci. Yaron da yake cikin wannan hali, ɗan siyasa ya kira shi ya damƙa masa takarda da na goro, kuna tsammanin bai san ƙarya ce a ciki ba? Ya sani sarai. Baki in ya ci, ido kunya yake ji. To a koya masa binciken hoto na kwana uku, ya koma gida mai haya na jiransa a ƙofa. Wanne zai yi nasara?

Malam na Jami'a: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma kada mu zuba komai a kwando ɗaya. Masu nazarin fannin sun raba abin uku. Akwai wanda ya tura ƙarya bai san ƙarya ba ce. Akwai wanda ya zauna ya ƙera ta da gangan, don kuɗi ko siyasa ko ƙiyayya. Akwai kuma wanda ya ɗauko abin da ya faru da gaske ya ajiye shi inda zai cutar, kamar tsohon hoton gawa a ce na jiya ne. Wanda kake magana a kansa na biyu ne, shi kam horo ba ya warkar da shi. Na farkon fa? Su ne suka fi yawa, har a ɗakunan labarai. Ku tuna watan Yunin 2018, bayan harin yankin Gashish a Barikin Ladi. Hotuna suka cika Facebook ana cewa na can ne. Da BBC ta bi diddigi a watan Nuwamban shekarar, sai ga shi wasu ba na Najeriya ba ne ma, har da wanda aka ɗauko daga Kongo Brazzaville, na shekarun baya. Washegarin harin aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba su gani ba, 'yan sandan jihar nan ta Filato da kansu suka ce hotunan sun ƙara rura wutar. Binciken asalin hoto minti ɗaya yake ɗauka ga wanda ya iya. Mu nawa muka iya a lokacin?

Anti Ladi: Malam, ina wurin aiki ranar, ba zan manta ba. Amma ina da tambaya. Su wa suka yaɗa hotunan nan? 'Yan jarida ne?

Malam na Jami'a: Akasari ba su ba ne.

Anti Ladi: To ka gani. Bari in tona wa kaina asiri. Agustan 2014, lokacin Ebola, ƙarfe huɗu na asuba gwaggona ta bugo daga ƙauye, ta ce maza in tashi yara mu yi wanka da ruwan gishiri mu sha, kafin rana ta fito. Ni da nake karanta labarai a rediyo, ni da na yi digiri, wallahi sai da na dafa ruwan. Ba jahilci ya sa ni ba. Muryar gwaggona ce, ga tsoro, ga dare. Da gari ya waye aka ji mutane sun mutu, wasu suna kwance a asibiti, musamman masu hawan jini. Babu jaridar da ta buga wannan labari kafin ya zagaye ƙasar. Waya ce kawai daga ɗan uwa zuwa ɗan uwa. Shi ya sa in aka ce a tara 'yan jarida talatin a koya musu da Turanci, sai in ga kamar an rufe ƙofa da ɓarawo a ciki.

Ɗan Gangare: Anti kin sha ko wanka kawai kika yi? A faɗa mana gaskiya tunda zauren tantancewa ne.

Anti Ladi: Kai dai Allah ya shirye ka. Na kurɓa.

Mai Kyamara: Maganar Anti ta kawo ni inda nake so. Kayan aikin da ake koya mana suna da amfani, ni kullum da su nake aiki. Hoto ya zo, in saka shi a Google Lens ko TinEye in ga inda ya fara fitowa. Bidiyo ne, in yanka shi hoto-hoto da manhajar InVID in bi kowanne. In duba lambar mota, rubutun shago, kakin ɗan sanda, ko ciyawa kore ce alhali an ce a watan Janairu aka ɗauka. Duk wannan ana iya koya wa mutum a wuni biyu. Amma abin da ke tayar da hankali a garin nan yanzu saƙon murya ne. Mutum ya yi sallama, ya ce shi ganau ne ba jiyau ba, ya ce a gaya wa 'yan uwa kada a bi hanya kaza, ya rantse, ya ce a tura don Allah. Babu suna, babu rana, babu fuska. Wace manhaja za ka saka wannan a ciki? Ga shi WhatsApp a kulle yake, in ba kana cikin zauren ba ba ka san me ke yawo ba. Ko a Facebook, CrowdTangle da ake leƙa abin da ke tashe da shi, kamfanin Meta mai Facebook ya rufe shi a Agustan 2024. Abin da ya rage mana shi ne kibiyoyin nan biyu masu nuna an tura saƙo sau da yawa, sai kuma lambar wayar wani da ka yarda da shi a unguwar da ake magana.

Ustaz: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Abin da yake ba ni mamaki, ana kawo mana tantance labari kamar sabon ilimi ne da aka sauke a jirgi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cutar da mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Malaman hadisi kuwa aikinsu ke nan: wa ya gaya maka, shi wa ya gaya masa, sun haɗu kuwa? Da wannan harshe aka yi wa mutanenmu magana da sun fi saurara.

Anti Ladi: Mu ma yana nan a Fitowa 23, aya ta 1, kada a baza labarin ƙarya. Limami da fasto su faɗa ranar Juma'a da Lahadi, ya fi majigi ɗari.

Ɗan Gangare: To bari in ajiye wasa. Ni damuwata masu ba da kuɗin ne. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa sai zaɓe ya matso suke tunawa da mu? An yi CrossCheck, haɗakar kafafen labarai don tantance labaran zaɓe, gab da zaɓen 2019, an kafa gamayyar masu tantancewa gab da na 2023, yanzu ga 2027. Kuma su ne za su zaɓi abin da za a kira ƙarya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Da aka ƙi rigakafin shan inna a Kano a 2003, an ce jita-jita ce, gaskiya ne jita-jita ce, kuma yara sun nakasa a dalilinta. Amma me ya ba ta ƙafa? Gwajin maganin Pfizer a kan yara lokacin sanƙarau na 1996, a garin dai. Mutum yana da wannan tabo, ka zo masa da tambarin baƙi a rigarka ka ce kai ne alƙalin gaskiya?

Malam na Jami'a: Wannan magana ce mai nauyi, kuma rabinta na yarda. Amsarta ita ce a bayyana. A faɗa a rediyo ƙarara wa ya ba da kuɗin, nawa ne, me aka yi da su. Duk hukuncin da aka yanke a nuna hanyar da aka bi, ta yadda mai shakka zai iya bi da kansa. Kuma masu aikin nan ba baƙi ba ne. Kafar tantance labarai ta Dubawa 'yan Najeriya suka kafa ta a 2018, sunan ma na Hausa ne. FactCheckHub, mai irin wannan aiki, ta cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta ICIR ce a Abuja. CITAD, cibiyar fasahar sadarwa da ci gaba, tana Kano. Da aka yi ta yaɗa cewa Buhari ya mutu an kawo wani Jibril daga Sudan, har sai da ya fito da bakinsa a Polan a Disambar 2018 ya ce shi ne, wace gidauniya ce ta ƙirƙiro wannan? Namu ne, mu muka dafa mu muka ci.

Baba Edita: Ɗan Gangare ya kalli waje, ni cikin gida nake tsoro. Kalmar nan ta yaƙi da labaran ƙarya hukuma ma tana sonta ƙwarai. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da shi aka riƙa kama 'yan jarida. An yi masa gyara a 2024, kamun bai tsaya ba. In za ku rubuta takardar nan, ku sa lauya ya zo ya yi wa yara bayanin dokar, da ta 'yancin samun bayanai ta 2011. Kuma kada in ga an gayyato mai magana da yawun gwamnati ya buɗe taro yana koya mana gaskiya.

Akawu: Ku bar ni in shigo da lissafi, tunda na yi shekaru ina haɗa irin waɗannan rahotanni. Ba mugunta ce take sa a kama otal ba. Mai ba da tallafi shi ma yana da wanda zai yi wa bayani, abin da ake ƙirgawa yake so: mutum nawa suka zo, mata nawa, ga takardar sa hannu, ga rasit, ga hoto. Otal yana ba da rasit mai hatimi. Mai shayin Terminus ba ya bayarwa. Rikicin da bai tashi ba saboda wani ya buga waya ƙarfe sha ɗaya na dare kuwa, ba shi da layi a fom. Amma ba a hana a rubuta wani abu daban ba, mu ne muke kwafe takardar bara. Sayen lokaci a rediyo yana da rasit. Kati da data suna da shaida. Alawus na wata-wata ana turawa ta banki. Sai dai ku san abu uku. Kuɗin kashi-kashi suke zuwa, in ba ku kare na farko ba na biyu ba zai fito ba. Abin da ake bari na tafiyar da ofis kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. Na uku, kada ku gina komai a kan cewa za a sabunta. Kun ga yadda aka dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, hukumar tallafinsu ta USAID ta watse, ayyuka suka tsaya cak ana tsakiyarsu. A watan ne kuma Meta ta ce za ta daina aiki da masu tantancewa a Amurka. Rijiyar tana ja baya, masu guga suna ƙaruwa.

'Yar Bukuru: Ni dai ƙarama ce a nan, a yi min afuwa. Duk abin da na iya na binciken hoto wata babbar 'yar uwa ce ta koya min a wayarta, ita kuma a irin bitar da kuke raina ta koyo. To ba a banza take ba. Matsalar fuskokin ne ba sa canzawa. Masu gabatar da shirin kiran waya da Hausa, masu shafukan Facebook da mabiyansu suka fi masu sayen jarida yawa, admin na zaurukan unguwa da na coci da na 'yan kasuwa, ba a kiransu don ba su da katin NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa. Kuma abin da na gani a shirin horon Dubawa mai sunan Kwame Karikari, watanni ake yi, da mai duba maka aiki, kana fitar da bincike ana gyara maka. Wannan ya fi kama da koyon sana'a.

Baba Edita: 'Yata, kin fi su magana.

Na Farin Gada: JAMA'A A YI HATTARA. Yanzu aka turo min, an ce an fara a Katako, hayaƙi ya tashi, mutane na gudu. Duk mai ɗan uwa a wajen ya kira shi.

Maman Ihsan: Wa ya turo maka? Ka ga abin da idonka?

Na Farin Gada: A zauren unguwarmu ne. Murya ce.

Maman Ihsan: Kada kowa ya fitar da wannan daga nan. Wa ke kusa?

Mai Kyamara: Ina Bauchi Road, ba ni minti goma.

Ustaz: Na kira wani ɗalibina mai sayar da katako a can, bai ɗauka ba. Ina sake gwadawa.

Anti Ladi: Ya riga ya shigo zauren matan cocinmu. Can kuma cewa aka yi an tare hanya. Wata har ta tafi ɗauko yara daga lesin.

Ustaz: Ya ɗauka. Ya ce taransifoma ce ta yi ƙara ta kama wuta, mutane suka watse, an kashe da yashi. Babu faɗa, babu wanda ya ji rauni.

Mai Kyamara: Na iso. Haka ne. Hayaƙin gaskiya ne, gudun ma gaskiya ne, "an fara" ɗin ce ƙari. Masu keke suna wucewa, mai tsire yana kan aikinsa. Na ɗauki bidiyo da agogon hannuna a ciki, na faɗi rana da wuri da bakina. Ga shi nan. Anti, ki yi mana murya da Hausa, ke aka sani.

Anti Ladi: Na yi, na tura. Na faɗi sunana da inda nake aiki. Wani ya taimaka da harshen Berom, nawa ba ya miƙewa.

'Yar Bukuru: Zan yi.

Na Farin Gada: Ku yi haƙuri jama'a. Ƙanena yana da shago a wajen, hankalina ne ya tashi. Na mayar da gyaran can inda na ɗauko.

Baba Edita: Ba komai ɗana. Wanda ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 a garin nan, ko faranti ya faɗi sai gabansa ya faɗi. Amma ka lura, shekararka nawa a aikin?

Na Farin Gada: Tara, Baba. Bita huɗu.

Ɗan Gangare: Na yi shiru.

Akawu: Ni kuma ina lissafi. Mai Kyamara, man nawa ka ƙona? Ustaz, katin nawa? Duk daga aljihunku. Wannan ne layin da babu shi a kasafin da muka saba rubutawa.

Malam na Jami'a: Amma ku lura da agogon da ya sa a bidiyon, da faɗin rana da wuri. Koya aka yi masa. Kada gobe a ce Malam bai faɗa ba.

Mai Kyamara: A otal ma kuwa, Malam. Da cincin.

Maman Ihsan: To ga abin da na tsinta, a gyara min. Horon farko wuni biyu, a zauren da za mu samu aro ko da rahusa, da Hausa, kowa da wayarsa a hannu. Rabin kujerun na 'yan jarida, rabi na masu shafuka da admin-admin da masu wa'azi na ɓangarorin biyu. Bayan nan wata shida ana aiki: mutum biyu a kowace shiyya, daga Anguwan Rogo zuwa Tudun Wada, Bukuru, Barikin Ladi, Mangu, Bokkos, da kati da ɗan alawus. Lamba ɗaya da jama'a za su turo abin da suke shakka. Gyara ya fita da murya, da Hausa da Berom da Fulatanci da Mwaghavul gwargwadon masu iyawa. Shirin rediyo na rabin awa duk sati. Zama ɗaya da lauya.

Ɗan Gangare: In wata shidan ya ƙare fa? Ranar da alawus ya tsaya wayoyin za su daina shiga. Kuma wa zai zaɓi mutum biyun? Nan ne za a yi ta, kowa zai kawo ɗan ƙanwarsa.

Baba Edita: Albashin da na yi magana a kai ma ban ji shi a ciki ba.

Maman Ihsan: Baba, wannan ya fi ƙarfin takardar nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Ɗan Gangare, tunda kai ka hango, kai za ka rubuto mana ƙa'idar zaɓen mutane kafin Alhamis.

Ɗan Gangare: Daga magana sai aiki?

Akawu: Ku dakata da rabon muƙami. Rahoton oditan fa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Asusunmu bai taɓa ganin odita ba, rasit ɗin taron bara ma ban san hannun wanda suke ba.

Anti Ladi: Suna cikin wata leda a ofishina, in ɓera bai riga mu ba.

Maman Ihsan: Ki zo da ledar. Asabar ƙarfe huɗu, bayan la'asar, inda muka saba. Akawu ka zo da kwamfutarka. Kowa ya ci abincinsa a gida.